Darasi na 14: R.E.M., Makaɗa Huɗu Daga Garin Atens

Wannan darasi ya shafi tarihin wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Amurka mai suna R.E.M., wadda ta yi shekara 31 tana kiɗa da waƙa, daga 1980 zuwa 2011, ta kuma fitar da manyan faya-fayai 15. Irin kiɗan da take yi shi ne wanda Turawa ke kira "alternative rock", wato wani reshe na kiɗan rok da ya taso a gefe, ba ta hannun manyan kamfanoni da manyan gidajen rediyo ba. A nan za a riƙa ce da shi "rok na daban". Kalmar "faifai" kuwa, duk inda ta zo, tana nufin tarin waƙoƙin da aka fitar tare da suna ɗaya, ko a kan faifan garmaho ne, ko kaset, ko CD.

Ƙungiyoyin makaɗa irin wannan ba su faye daɗewa ba, kuma abin da ya fi wargaza su shi ne rabon kuɗi da rabon suna. Su waɗannan mutum huɗu sun ƙulla wata yarjejeniya tun ba su da ko sisi. Yarjejeniyar ta riƙe su har suka yi arziki, sa'an nan ranar gwaji ta zo, lokacin da ɗayansu ya ce ya gaji.

Mafari

Atens ɗin da ake magana a kai ba babban birnin ƙasar Girka ba ne. Wani matsakaicin gari ne a jihar Jojiya, a kudancin Amurka, inda Jami'ar Jojiya take. A farkon shekarar 1980 akwai wani ɗalibi mai koyon zane-zane, Michael Stipe, wanda yakan shiga wani kantin sayar da faya-fayai mai suna Wuxtry. Yaron kantin, Peter Buck, ya lura cewa faya-fayan da yake ɓoye wa kansa su ne wannan ɗalibi yake zuwa yana saye. Daga nan hira ta haɗa su. Ba da jimawa ba wata ƙawarsu ta gabatar da su ga wasu ɗalibai biyu, Mike Mills da Bill Berry, waɗanda suka taso a garin Macon, suka kuma saba kiɗa tare tun suna sakandare. Aiki ya rabu ke nan: Stipe ya ɗauki waƙa, Buck ya ɗauki jita, Mills ya riƙe jitar bas mai kaurin amo yana kuma yin amshi, Berry ya zauna kan ganguna.

Ranar 5 ga watan Afrilu, 1980, suka fara wasa a gaban jama'a, a wajen bikin ranar haihuwar wannan ƙawa tasu, cikin wani tsohon coci da aka daina ibada a cikinsa. Sunan ƙungiyar kuwa Stipe ne ya buɗe ƙamus ya tsinto shi. A wajen likitoci waɗannan haruffa uku suna nufin wani mataki na barci, lokacin da idanu ke ta motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, wanda shi ne lokacin da aka fi yin mafarki.

Don a fahimci yarjejeniyar da suka yi, sai an san yadda kuɗi ke shigowa a sana'ar kiɗa ta Amurka. Wanda aka rubuta sunansa a matsayin mai waƙa, wato wanda ya tsara baitoci da karin, yana da kaso na musamman duk lokacin da aka sayar da faifai ko aka sa waƙar a rediyo, kuma wannan haƙƙi yana wucewa ga magadansa. Saboda haka a ƙungiya ɗaya sai a tarar mawaƙi da mai jita sun gina gidaje, mai ganga yana haya, alhali kuwa mota ɗaya suka shiga, hanya ɗaya suka bi. Buck mutum ne mai yawan karanta tarihin makaɗa, ya kuma ga yadda wannan abu ya raba abokai da yawa. Shi ya dage a kan cewa kowace waƙa ta R.E.M. za ta ɗauki sunan su huɗu, a kuma raba kuɗinta daidai wa daida, ko da mutum ɗaya ne ya zo da ita. Aka jera sunayen bisa tsarin abacada: Berry, Buck, Mills, Stipe. Mai ganga ne a gaba, mawaƙin da duniya za ta san fuskarsa shi ne a ƙarshe. Bayan wannan, kowannensu yana da ikon ya ce a'a ga duk wata shawara, in kuwa ya faɗa, magana ta ƙare.

Shekarun ƙaramin kamfani

Ba su daɗe ba suka watsar da karatu, suka shiga wata tsohuwar mota suna zagaya garuruwan kudu, suna wasa a ƙananan gidajen rawa da wuraren cin abinci. A 1981 suka fitar da waƙarsu ta farko, "Radio Free Europe", a wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Hib-Tone. Kwafi 1,000 aka fara bugawa. Manyan gidajen rediyo ba su ko kalle ta ba. Waɗanda suka ɗauke ta su ne gidajen rediyon jami'o'i, inda ɗalibai ke zaɓen abin da za a sa, ba tare da tsoron mai talla ba. A waɗannan ƙananan tashoshi rok na daban ya yi ƙuruciyarsa, shi ya sa a wancan zamani aka fi saninsa da sunan kiɗan 'yan kwaleji.

A 1982 suka sa hannu da kamfanin I.R.S., suka fitar da wani gajeren faifai mai waƙa biyar, Chronic Town. Babban faifansu na farko, Murmur, ya fito a watan Afrilu na 1983. Ma'anar sunan ita ce magana ƙasa-ƙasa, kuma sunan ya dace. Stipe yana rera waƙa kamar mai gunaguni, muryarsa tana nutsewa cikin kiɗan, ba a kuma buga baitocin a jikin kwalin ba. Hatta waɗanda Ingilishi ne harshen uwarsu sukan yi gardama a kan abin da yake faɗa, abin da zai iya sanyaya zuciyar duk mai koyon baƙon harshe. Buck kuma ya ƙi irin dogon kiɗan nuna gwaninta da masu jita suka saba yi. Yakan tsinci tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, amon yana fita kamar na ƙananan ƙararrawa. Hoton da ke kan kwalin na wata ciyawa ce mai yaɗo, kudzu, wadda aka kawo daga Japan ta mamaye gonaki da kufai a kudancin Amurka. Faifan bai wuce lamba 36 ba a jerin cinikin mujallar Billboard, amma mujallar Rolling Stone ta zaɓe shi a matsayin faifan da ya fi kowane kyau a 1983, a gaban Thriller na Michael Jackson.

Daga nan kowace shekara sai faifai. Reckoning ya fito a 1984. Na 1985, Fables of the Reconstruction, a Landan suka ɗauke shi, cikin sanyi da ruwan sama da kewar gida, ga gajiyar rangadi, har saura kaɗan su rabu. Abin mamaki, shi ne faifan da ya fi kowane cika da labaran mutanen kudu, kamar dai nisa ne ya tuna musu da inda suka fito. A Lifes Rich Pageant na 1986 muryar Stipe ta fito fili, aka fara jin yana magana a kan gurɓatar iska da ta kogi. Document na 1987 ya ƙara shiga siyasa, a zamanin mulkin Shugaba Ronald Reagan, kuma a wannan faifai suka fara aiki da Scott Litt, wanda ya ci gaba da kula da ɗaukar muryoyinsu har 1996. A cikinsa akwai "The One I Love", waƙarsu ta farko da ta shiga goman farko a Amurka. Mutane da yawa sun ɗauke ta waƙar soyayya, alhali kuwa in an saurara da kyau, waƙar mai yaudara ce. Document ne faifansu na farko da ya kai kwafi miliyan ɗaya.

Shekara bakwai ke nan suna hawa, ba tare da tsalle ba. Kowane faifai yakan ɗan fi na bayansa ciniki, kowane zaure yakan ɗan fi na bara girma.

Babban kamfani da babban suna

A 1988 suka bar I.R.S. suka koma Warner Bros. Dalilinsu shi ne ƙaramin kamfanin ba ya iya kai faya-fayansu ƙasashen waje yadda ya kamata, babban kuwa ya yi musu alkawarin ba zai sa baki a cikin kiɗansu ba. Wasu daga cikin tsofaffin masoyansu suka ce an saye su. Wannan zargi yakan bi duk wani makaɗin rok na daban da ya yi kasuwa, domin wanda ya so abu tun yana ɓoye ba ya jin daɗin ganinsa a hannun kowa. Green ya fito a watan Nuwamba na 1988, suka kuma shafe kusan dukan 1989 suna rangadi a manyan filaye. Da suka dawo gida a gajiye, sai suka yanke shawarar dakatar da yawo.

A lokacin wannan hutu ne abin da ba a zata ba ya faru. Buck ya gaji da jita, ya sayi mandolin, wani ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya takwas, yana koyonsa a gida. Daga wannan koyo waƙar "Losing My Religion" ta fito. Ya kamata a tsaya a kan sunan, don mai fassara kalma da kalma zai zaci waƙar barin addini ce. Ba haka ba ne. Salon magana ne na mutanen kudancin Amurka, ana faɗarsa idan haƙurin mutum ya ƙare, ya rasa yadda zai yi da kansa. Waƙar ta wani ce da son wani ya dame shi, ya kasa furtawa. Ba ta da amshi irin wanda 'yan kasuwa ke so, ga ta da abin kiɗan da ba a saba ji a rediyo ba, amma ta kai lamba 4 a Amurka, ta kuma zagaya duniya. Faifan da ke ɗauke da ita, Out of Time na watan Maris 1991, ya zo na ɗaya a Amurka da Ingila, ya kuma jawo musu lambobin yabo na Grammy guda uku a 1992.

Wanda ya biyo baya, Automatic for the People na watan Oktoba 1992, shi ne yawancin masu sharhi ke ɗauka gwanin faya-fayansu, kuma da wuya a yi musu gardama. Sunan taken wani gidan abinci ne a Atens, Weaver D's. Faifai ne mai sanyin tafiya, cike da zancen tsufa da mutuwa da tuna baya, daga mutanen da duka-duka ba su wuce shekara talatin da 'yan kai ba. John Paul Jones na ƙungiyar Led Zeppelin ne ya tsara musu kiɗan gogen Turawa da ke cikin wasu waƙoƙin. A nan kuma amfanin tsohuwar yarjejeniya ya bayyana. "Everybody Hurts", waƙar lallashi ga wanda rayuwa ta yi wa nauyi har yana tunanin kashe kansa, Berry ne ya tsara mafi yawan kiɗanta. Mai ganga ne ya kawo ɗaya daga cikin manyan waƙoƙin ƙungiyar, ga shi kuma kusan ba a jin gangarsa a ciki, na'ura ce ke riƙe da bugun. Inda kowa ke da kaso ɗaya, babu mai ɓoye waƙarsa, babu kuma mai tilasta a sa tasa.

Faya-fayan nan biyu sun yi cinikin miliyoyi masu yawa, alhali ƙungiyar ba ta yi rangadi don tallata ko ɗaya daga cikinsu ba. A daidai wannan lokaci rok na daban ya bar gefe ya shigo tsakiyar kasuwa, musamman bayan fitowar ƙungiyar Nirvana. Jagoranta, Kurt Cobain, ya sha yabon R.E.M. a kan yadda suka riƙe kansu da suna ya zo. Shi bai samu wannan sa'a ba, ya rasu a watan Afrilu na 1994. A cikin Monster, faifan da R.E.M. ta fitar a watan Satumba na wannan shekara, mai ƙarar jita da amo mai kaushi, akwai waƙar da Stipe ya yi dominsa.

Luzan

A 1995 suka koma kan hanya bayan shekara biyar. Ranar 1 ga watan Maris, ana tsakiyar wasa a birnin Luzan na ƙasar Suwizalan, ciwon kai mai tsanani ya kama Berry, ya faɗi. Ashe wata jijiyar jini ce ta kumbura ta fashe a cikin kansa. Likitoci suka yi masa aiki, Allah ya sa da sauran kwana, kafin wata uku ya koma kan gangunansa. A wannan rangadi dai aka yi wa Mills aiki a hanji, aka kuma yi wa Stipe aikin ƙaba. Duk da haka sun riƙa ɗaukar sababbin waƙoƙi a kan hanya, a lokacin gwajin na'urori kafin jama'a su shigo, da kuma a gaban jama'ar. Daga nan New Adventures in Hi-Fi na 1996 ya samu. A wannan shekara suka sabunta kwangilarsu da Warner Bros. a kan kuɗin da jaridu suka ce ya kai dala miliyan 80.

A watan Oktoba na 1997 Berry ya gaya wa abokansa zai bari. Ba faɗa aka yi ba. Ya ce sha'awar ta fita daga ransa, ya gaji da tafiye-tafiye, yana son ya zauna a gonarsa. To, a da sun sha faɗa cewa in ɗaya ya fita, ƙungiya ta mutu. Berry ya san da wannan magana, shi ya sa ya gindaya sharaɗi: ba zai tafi ba sai sun yi masa alkawarin za su ci gaba, in kuwa tafiyarsa za ta rushe ƙungiyar, to zai zauna ko ba ya so. Wato ya ɗora musu zaɓi mai wuya, ko su karya maganarsu ta da, ko su tsare abokinsu a aikin da ya ishe shi. Suka sake shi. Ya koma noma a kusa da Atens. Stipe ya kwatanta halin da suka shiga da na kare mai ƙafa uku, wanda har yanzu kare ne, sai dai dole ya koyi wani irin gudu.

Ba su sa kowa a gurbinsa ba. Sukan ɗauki mai ganga ya yi musu aiki a biya shi, amma sunayen da ke ƙarƙashin waƙoƙi suka koma uku.

Mutum uku

Gudun bai zo da sauƙi ba. A wajen aikin Up na 1998 sun dogara da na'urorin buga ganga da na haɗa amo, aikin ya yi ta jan ƙafa, zumunci ya yi tsami har suka kai bakin rabuwa, sai da suka keɓe suka faɗa wa juna gaskiya. A wannan faifai ne aka fara buga dukan baitocin Stipe a jikin kwali, shekara 15 bayan Murmur. Reveal ya fito a 2001. A Amurka kasuwarsu ta yi ta raguwa, a Turai kuwa ba ta ragu ba, don Reveal ya zo na ɗaya a Ingila. Around the Sun na 2004 shi ne mafi rauni a cikin goma sha biyar ɗin, kuma Buck da bakinsa ya amsa daga baya cewa aikin gajiyayyun mutane ne. Rashin Berry ya wuce rashin mai ganga. Shi ne mai cewa waƙa ta yi tsawo, a yanke.

Bayan an shigar da su zauren girmama makaɗan rok a watan Maris na 2007, sai suka yi abin da manyan makaɗa ba su faye yi ba. Suka kama wani zaure a birnin Dablin na ƙasar Ailan, gidan wasa na Olympia, suka kwana biyar suna gwada sababbin waƙoƙi a gaban jama'a tun ba su gama nuna ba. Abin da ya fito shi ne Accelerate na 2008, gajere, mai sauri, minti 35 ko ƙasa da haka kaɗan. Masu sharhi suka ce sun farfaɗo. Collapse into Now ya biyo baya a watan Maris na 2011. A kan kwalinsa ana ganin Stipe ya ɗaga hannu kamar mai ban kwana, amma mutane kaɗan ne suka gane. Da wannan faifai kwangilarsu da Warner Bros. ta cika, ba su kuma nemi wata ba. Ranar 21 ga watan Satumba, 2011, suka sanar cewa sun ajiye aiki, ba kotu, ba zage-zage a jarida.

Tun daga lokacin sun sha faɗa cewa ba za su sake kafa ƙungiyar ba. A watan Yuni na 2024 aka karrama su a birnin Niyok, a zauren girmama masu tsara waƙoƙi, su huɗu tare, tun da yake a takarda babu waƙar da mutum ɗaya ya yi. A wannan dare Berry ya hau dandamali tare da sauran ukun, suka yi "Losing My Religion", waƙa ɗaya tak, suka sauka.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka jera sunayen 'yan ƙungiyar bisa tsarin abacada, kuma wane ne ya zo a ƙarshe?

2. Wace rawa gidajen rediyon jami'o'i suka taka a farkon tarihin R.E.M.?

3. A bayyana sharaɗin da Bill Berry ya gindaya a 1997, a kuma faɗi dalilin da ya sa zaɓin ya yi wa abokansa wuya.

4. A nemo waɗannan a cikin darasin, a bayyana ma'anarsu, sa'an nan a sa kowanne a cikin sabuwar jimla: daidai wa daida, sa baki, jan ƙafa, da sauran kwana, zumunci ya yi tsami.